Kala Biyu a Bangon Ɗakina

Shekara talatin da huɗu ke nan ina auren mai fenti, kuma ban taɓa kwana a ɗakin da bangonsa huɗu suke kala ɗaya ba. Abin da ya ragu a gindin bokiti daga gidajen mutane, shi ake kawo mana. Bangon da gadona yake jingine kore ne, ragowar wata makarantar yara. Na wajen taga ruwan hoda, daga shagon wata mai gyaran gashi. Sauran biyun ni kaina ban san sunan kalarsu ba, don ƙarshen bokiti uku ya juye wuri guda ya dama da sanda. In baƙuwa ta shigo sai ta yi ta waige-waige, ni kuma in ce mata ta zauna abinta, ido zai saba.

A unguwarmu ba mai kiran maigidana da sunansa na gaskiya. Bari-ya-bushe ake ce masa, yara da manya, kuma yana amsawa da fara'a. Bakinsa ne ya jawo masa. Duk mai gidan da ya leƙo ana cikin aiki ya ce kalar ta yi duhu ko ta yi haske, amsar da zai samu ke nan. Ni ma da ita ya kama ni. Ina 'yar shekara goma sha tara ya zo yi wa shagon ɗinkin mahaifina fenti. Na kawo wa Baba abinci, na ɗaga kai na ce wannan kala ai ta ciwon kai ce. Ko saukowa daga tsani bai yi ba, ya jefo mini kalmomin nan uku. Bayan kwana biyu na dawo na tarar bangon ya yi kyau, har haushi ya kama ni. Shi kuma ya lura da haushin, sai ya tsiri zuwa duba bangon kullum, wai ko ya tsage. Bango dai bai tsage ba, mu kuma aka yi mana aure.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya rabuwa da ɗigon fenti a gira ko a bayan kunne. Ranar bikin babbar 'yarmu sai da na tsayar da shi a bakin ƙofa na kankare masa fari a wuya da farce. Amma in ana maganar aiki, to a ba shi girmansa. Bai taɓa yarda mai gida ya zaɓi kala daga 'yar takardar nan da ake nunawa a shago ba. Sai ya shafa kala biyu a jikin bangon, kowace faɗin taga, gefe da gefe, ya kwashe kayansa ya tafi. Kwana uku zai ba ka. Ka gan su da safe, ka gan su rana tsaka, ka gan su da yamma an kunna ƙwan lantarki, sannan ka buɗe baki. Fentin da aka haɗo daga kamfani kuwa ya raina shi. Bokitin farin fenti yake saye, ya haɗa abinsa da ido, da 'yan kwalaben kala da yake ajiyewa a tsohuwar jakar makarantar yaranmu. Shuɗi musamman ɗigo-ɗigo yake sa shi, kamar mai ba jariri magani. Yakan yi alfahari cewa kwalba guda tana kai shi gida huɗu.

To, shekara biyu da suka wuce abu ya fara canzawa. Wata tsohuwar shugabar makaranta ta sa shi ya yi mata falo fari mai ɗan sanyi. Ya gama, ta ce ita fari ta ce, ba shuɗi ba. Ya dawo gida yana huci, wai matar ba ta san kala ba. Bayanta wani mai kemis ya faɗi irin haka, bayansa wasu biyu. Wayarsa da a da ba ta hutawa ta koma sai ta yini shiru. Ni ma na fara lura da abubuwa a gida. Shuɗin zanin da shi da kansa ya saya mini, ya tambaye ni yaushe na sayi wannan mai ruwan toka. Rana tsaka sai ya kunna fitila. Wata safiya ya zuba shayi, rabi a kofi rabi a tebur, ya ce ni na matsar da kofin.

Babbar 'yarmu, wadda take koyarwa, ita ta ja ni gefe. Ta ce, “Mama, yanar ido ce take damun Baba. Ki dubi tsakiyar idon a hasken rana, ya yi hazo.” Na duba, haka ne kuwa. Amma da muka ambaci asibiti sai ya tashi kamar zai cire rufin gida.

“Idon da ya ciyar da ku, ya biya muku makaranta, shi ne yau ya lalace? To lafiyarsa lau. Ku ne idonku ya cika ƙyale-ƙyale.”

Ni dai tsoro ya kama ni, kuma ba zan ɓoye ba. Mutumin nan bai iya komai ba sai fenti, ko zama bai iya ba. Ranar da ba aiki sai ya biyo ni kicin yana gyara mini jerin cokula har in kore shi. In idon nan ya tafi, ba sana'ar kaɗai za ta tafi ba, shi kansa zai bi ta. Na roƙa, na yi faɗa, na yi kwana biyu ba na yi masa magana, duk a banza. Sai na tuna da abu ɗaya da bai taɓa iya juya wa baya ba, wato musu a kan kala.

Wata safiya yana karyawa na ce, “Malam, na gaji. Ina so a yi mini ɗakina kala ɗaya, irin ɗakin mutane.”

Ya ajiye burodi, fuskarsa ta washe. “Ai da kin faɗa tuntuni, Uwargida.”

Tuntunin nan na faɗa ya fi sau ɗari, amma na haɗiye. Na shiga na fito da bokitin da na sayo da kaina na ɓoye a bayan ƙofa, ruwan madara, haɗin kamfani, na dire a gabansa. Ya dubi bokitin, ya dube ni.

“A gidana? Haɗin kamfani a gidana?”

Na ce, “Ai dokarka ce. Kala biyu, kwana uku. Ga tawa, kawo taka.”

Ko shayin bai ƙarasa ba. Ya ja gadona tsakiyar ɗaki, ya shimfiɗa tsofaffin jaridu, ya goge bangon wajen taga da samfefa, ya rufe ruwan hodar da fari don kada ta leƙo ta ƙasa ta ɓata hukunci. Duk wannan hannunsa ya sani, ba ya buƙatar ido. Da farin ya bushe sai ya tsuguna a tsakar gida, ya buɗe nasa bokitin, ya ciro sabuwar kwalbar shuɗi. Zai haɗa mini fari mai sanyi, wai irin wanda in mutum ya shiga ɗaki zai ji kamar an buɗe masa taga.

Ina tsaye a kansa ina kallo. Ya ɗiga, ya dama, ya duba. Ya sake ɗigawa, ya dama, ya kai fuska har hancinsa ya kusa taɓa fentin. Ni tuni na ga kalar ta kai inda ake so, shi kuwa bai ga komai ba. Ya karkata kwalbar ya tsiyaya. Ya girgiza ta ya sake tsiyayawa. Na danne bakina da hannu. Can ya ce, “Yauwa, ga shi ya fara fitowa,” ya wurga kwalbar cikin jaka. Da ya juya baya na zaro ta na soke a ƙugu.

Ya shafa tawa a dama, tasa a hagu, layi a miƙe kamar an sa ma'auni. Da suka bushe, tawa ta fito ruwan madara mai taushi, ba hayaniya. Tasa kuwa, wallahi kamar an jiƙa bangon a ruwan bular wanki. Daga bakin ƙofa take yi wa mutum sallama.

Ranar farko ya kira ni sau uku, da safe, da rana, da yamma, kamar yadda yake yi wa masu gida. Ya tsaya hannu a ƙugu ya ce, “Dubi taki, don Allah. Ta yi dauɗa tun ba a zauna ba, sai ka ce kicin ɗin da ya sha hayaƙi shekara goma. Dubi tawa kuma. Fari tas, da ɗan sanyi-sanyi kawai.”

Na ce, “Sanyi kam akwai shi. Har mura ta fara kama ni.”

Rana ta biyu abokinsa kafinta ya zo. Shekara arba'in suna tare, ɗaya ya sa ƙofa ɗaya ya yi mata fenti. Malam ya kamo hannunsa har ɗakina.

“Mutumina, tsakaninka da Allah, wace ta fi?”

Kafinta ya ga bangon hagu, ya ja da baya taku ɗaya. Ya cire hula ya sosa kai, ya dube ni, na zare masa ido. Ya dubi abokinsa. Ya mayar da hula.

“To, ta dama dai tana da natsuwa. Ta hagu kuma... tana da ƙarfin hali.”

Malam ya buga tafi. “Kin ji ko? Ƙarfin hali!”

Na raka kafinta har bakin ƙofa na ce masa, “Kai dai an yi matsoraci. Da furfurarka!” Ya rage murya ya ce, “Ki yi haƙuri, Uwargida. Na ga abin da kika gani, kuma ya dame ni. Amma ba da bakina zai ji ba.” Ya hau babur ɗinsa ya gudu.

Rana ta uku da hantsi 'yarmu ta zo. Ita ba ta iya kwana-kwana ba, ni ta biyo. Tana shiga ta ce, “Kai, Baba! Wannan ai shuɗin rigar 'yan makaranta ne.”

“Ke da uwarki bakinku ɗaya.”

Na ciro kwalbar na ɗora masa a tafin hannu. Ya juya ta, ya kai ta kunne ya girgiza. Shiru, ko ɗigo babu.

Na ce, “Sabuwa ce ka buɗe kwana uku da suka wuce. Wadda take kai ka gida huɗu. A bokiti ɗaya ta ƙare.”

Ya daɗe yana riƙe da ita. Har na ɗauka an zo wurin. Ina! Sai ya ce, “Tsinka ta suke yi da ruwa yanzu. Kayan zamani ke nan, ba ƙarfi.”

Raina ya ɓaci, amma na ga ƙofa. Na ce, “To mu je a raba mana gardama. In likita ya ce idonka lafiya lau, ka shafe ɗakin nan duka da taka, har silin, in kwana a ciki har ƙarshen rayuwata ban ce uffan ba. Kuma in faɗa a gaban kafinta cewa ni ce ban san kala ba.”

“A gaban kafinta?”

“Da matarsa.”

Ya miƙe ya kaɗe wando. “Ɗauko jakarki.”

Haka aka yi mutumin da ya shekara biyu yana ƙin asibiti ya riga mu shiga tasi. Bai je neman magani ba, ya je ne ya kayar da ni. A layin jira ma bai huta ba, yana ta nuna mini inda mai fentin asibitin ya bar sawun rola a bango, alhali da hannu ya shafo ya gane.

Likitar wata 'yar siririya ce da ba ta kai 'yarmu shekaru ba. Ta sa shi karanta haruffan allo, ya karanta na sama da ƙarfi kamar mai shela, layi na biyu ya fara canki-canki, na uku ya ce allon ne ya tsufa. Ta haska masa fitila a ido, ta duba wannan ta duba wancan, sannan ta tambaye shi sana'arsa. Da ya faɗa sai ta gyaɗa kai.

Ta ce, “Baba, yana ce a duka biyun. Irin wannan tana sa mutum ya ga komai kamar ta cikin ruwan shayi. Fari ya koma masa ruwan ƙasa, shuɗi kuma ya dushe, sai an zuba da yawa kafin ya gan shi. Aikin ba mai tsawo ba ne. Za mu fara da na dama, in ya warke a yi na hagu.”

Na ci musu, amma ko kaɗan ban ji daɗi ba.

Washegari da safe na same shi zaune a matakin ƙasa na tsaninsa, yana wanke burushin da tuni yake a wanke. Na jawo kujera na zauna. Bai ɗago ba ya ce, “Uwargida, yanzu ko ba komai ina ganin hanya, ina ganinki. In suka taɓa shi ya tafi gaba ɗaya fa?”

Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin ya ce yana tsoron wani abu ba, mutumin da yake hawa bene hawa huɗu a kan katako biyu. Tausayinsa ya kama ni. Na ce, “Ni ma tsoron nake ji, Malam. Amma in aka bar shi ma tafiya yake yi, kullum kaɗan-kaɗan, ina kallo. Wannan ne ba zan iya ba.”

Ya matse burushin ya rataye. Ya ce, “Kada kowa ya taɓa mini bangon nan sai na dawo.”

Sati uku muka jira ranar, ina kwana gadona a tsakiyar ɗaki, kala biyu suna kallona. Ranar aikin 'yarmu ta ɗauki hutu, kafinta ma ya zo ya zauna a benci yana ta murza hula. Kafin in gama addu'o'in da na ɗauko har an fito da shi, ido ɗaya a rufe da auduga, yana mitar cewa ba a ma bar shi ya ga kayan aikinsu ba. Washegari muka koma aka cire audugar. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya ce wa ya kunna wannan fitilu haka. Ba fitilar da aka kunna, hasken taga ne. Suka ba shi baƙin tabarau da maganin ɗigawa, likita ta ja masa kunne: ba murza ido, ba ƙura, ba tsani, har sai ta ba da izini.

Muna isa gida bai tsaya ko cire takalmi ba, ya wuce ɗakina. Na bi shi a guje. Ya tsaya gaban bangon, ya zare tabarau a hankali.

“Innalillahi! Wane mahaukacin ne ya...”

Bai ƙarasa ba, don ya san mahaukacin. 'Yarmu ta toshe baki ta fice tsakar gida, ina jin dariyarta tana neman shaƙe ta. Shi kuwa ya ɗaga tafin hannu ya kare idon dama, wanda aka yi wa aiki, ya dubi kalarsa da tsohon idon.

“Fari,” ya ce.

Ya mayar da hannun ya kare na hagu.

“Shuɗi. Kai! Shuɗi na gaske.”

Ya sake, ya kuma sakewa. Bango ɗaya, wuri ɗaya, kowane ido da abin da yake faɗa masa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda na manta rabon da in ji, har kafaɗunsa suna rawa, ni kuma ina riƙe masa hannu kada ya kai ga idon. Ya juya ga ta dama ya daɗe yana kallo da sabon idon.

“Ashe taki ba dauɗa ba ce.”

“Ashe.”

“Haɗin kamfani dai haɗin kamfani ne, da ni ne da na ƙara mata ɗigon ja guda ɗaya. Amma ta ci. Ita za a yi.”

Ya zauna a bakin gado, dariyar ta lafa. Ya ce, “Mutane suna ta faɗa mini gaskiya ina yi musu faɗa a cikin gidajensu. Ke ma haka.” Na buɗe baki in yi masa irin tsiyar da na shekara biyu ina tanadi, sai na kasa. Daɗi ne ya yi mini yawa, na fashe da kuka kamar yarinya.

“To mene ne kuma abin kuka? Ke da kika ci.” Ya sake kare idon dama, ya yamutsa fuska. “Dubi yadda wannan yake ta yi mini ƙarya har yanzu. Uwargida, kira mini likitar nan. Ki ce mata na hagun ma a shirye yake, kada ta sa mini rana mai nisa.”

Na fita neman katin asibitin a jakata, ina share hawaye da bakin zani, ina kokawa da zif. Ina jin sa a ɗaki shi kaɗai, yana ta sauya hannu yana faɗa wa bango: fari, shuɗi, fari, shuɗi.